Haƙoran Babban Yatsa

Shekarata talatin da huɗu ina ƙera haƙoran roba a ɗakin baya na wani ƙaramin asibitin haƙori, kuma in dai aikin nan ne ba na yin kawaici: na iya. Ɗakin nawa ba shi da faɗi. Tebur ɗaya ne a gindin taga, sai ɗan murhun narka kakin zuma, sai injin gogewa, sai famfon da filasta ke toshewa duk sati. Saboda kakin nan ne kowa ke kirana Mai Kaki, har yaran likitocin da na haife su.

A kan kantar da ke saman teburina akwai muƙamuƙan ƙarfe guda huɗu. In likita ya ɗauki siffar bakin mutum, ni nake zuba filasta in fitar da dasashin sama da na ƙasa, in ɗaura su a jikin ƙarfen nan. Shi zai riƙa buɗewa yana rufewa a madadin muƙamuƙin mai bakin, ni kuma in jera haƙora a kai ɗaya bayan ɗaya.

Na farkon gadonsa na yi. Buɗewa da rufewa kawai ya sani, kamar ƙyauren ɗaki, don waɗanda suka ƙera shi haka suka ɗauki muƙamuƙin ɗan Adam. Ina jin ba su taɓa tsayawa sun kalli mutum yana fama da nama mai tauri ba. Na biyun na masu lissafi ne. Su aune-aune suka yi ta yi a ƙashin kai, wasu suka ce muƙamuƙi kusurwa uku ne daidai wa daida, wasu suka ce haƙora kamar a jikin ƙwallo suke jere, suka yanke cewa duk inda baki ya karkata dole haƙoran dama da na hagu su taɓa juna a lokaci ɗaya. Na huɗun na waɗanda suka zo daga baya ne, masu cewa fiƙa ce jagora, ita za a bar wa tuƙi. Yanzu ma likitar da nake aiki da ita wata 'yar sanda take zurawa a baki, sai ga haƙoranka a kwamfuta suna juyi. Kowanne a cikinsu ranar da ya iso an ce gaskiya ta zo. Ni ce dai nake share musu ƙura.

Na tsallake na uku da gangan, don shi ne na Babban Yatsa.

Shi ne likitan da ya buɗe asibitin, shi ya ɗauke ni aiki ina 'yar shekara ashirin da uku. A gabansa Likita muke cewa. A bayan idonsa kuwa Babban Yatsa, saboda yadda yake ɗaukar cizo. Zai kwantar da mutum a kujera, ya ɗora babban yatsansa a haɓarsa, ya tura muƙamuƙin baya har sai ya ƙure, sannan ya ce, "Ciza." A karatun da ya yi, can ƙuryar bayan nan ce gidan muƙamuƙi na gaskiya, kuma a ɗigo ɗaya tak haƙoran sama da na ƙasa za su haɗu, ba gaba ba baya. Ƙarfensa ma haka yake, da kusoshi da ma'aunai ko'ina, in ka ɗaure shi ko gashi ba ya wucewa. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Hannunsa da tsabta, ba ya raina mara lafiya. Amma taurin kai, sai dai a yi shiru.

Shekarata ta farko mutane sun yi ta dawowa. Wannan ya ce haƙoran suna ƙwanƙwasa juna, wancan ya ce na ƙasa yana tsalle in ya tauna, wata ta buɗe baki ka ga dasashi ya yi ja. Likita ya ce musu za su saba.

Ni kuwa ina da wata durowa da nake jefa tsofaffin haƙoran roba da mutane ke bari in an yi musu sabo. Ban san abin da ya sa nake tara su ba, halina ne ba na son zubar da abu. Wata rana ina jiran kaki ya huce na ɗauko ɗaya ina juyawa a hasken taga, sai na ga inda tauna ta cinye robar ya yi sheƙi. Ba ɗigo ba ne. Ɗan layi ne gajere, ya taso daga baya ya yo gaba. Na ɗauko na biyu, haka. Na zazzage durowar kaf a tebur, na duba guda ashirin da wani abu, duk haka suke. Ashe mutum in ya zauna cin abinci, kansa a sunkuye, ba wanda ya danne masa haɓa, muƙamuƙinsa ɗan zamowa gaba yake yi. Abin bai fi kaurin farce ba. Amma in ka kulle masa hanya, tudun haƙori ya riƙa karo da tudun haƙori ke nan.

Na kwashi guda biyar na kai masa ofis. Ya saurare ni, ban ce bai saurara ba. Da na gama ya tura su gefe da bayan biro ya ce, "Mai Kaki, waɗannan haƙoran da ba a yi su daidai ba ne tun asali, me za su koya mana? Hannu naki ne, kai nawa ne. Kowa ya tsaya a nasa."

Na kwashe kayana na fito.

Daga ranar na ja bakina na yi shiru, amma ban ja hannuna ba. Zan jera haƙora a ƙarfensa yadda yake so, ya zo ya duba, ya gyaɗa kai ya tafi. Sai a wajen gogewar ƙarshe, in na rufe ƙofa, in ɗauki ɗan dutsen injin in kwantar da gangaren turamen haƙoran kaɗan, in bar wa muƙamuƙi ɗan fili ya zamo gaba ba tare da karo ba. In ya tura haɓa baya ya ce a ciza, haƙora su haɗu cif yadda littafinsa ya ce. In mutum ya je gida ya sunkuya a kan kwanonsa, filina na nan yana jiransa.

Mutane suka daina dawowa. Likita ya ce hannunsa ne ya faɗa. Suna ya tafi, ɗalibai suka riƙa zuwa kallon yadda yake tura haɓa, shi kuma ya samu wata magana da yake rufe kowane darasi da ita. Zai ɗaga yatsan nan ya ce, "Ba wanda ya taɓa dawo mini da haƙori." In wani tsohon ɗalibinsa ya zo da kukan cewa shi fa nasa suna dawowa, sai ya ce masa, "Yatsanka ne ba ƙarfi." Ina ɗakin baya ina jin su ta bango, ina goge aikina. Wani lokaci in yi dariya, wani lokaci in yi tsaki. Haka muka yi shekara ashirin da shida har ya yi ritaya ya bar wurin ga Likita Ƙarama, wadda nake aiki da ita yanzu.

Bana ya dawo, yana da shekara tamanin da ɗaya, 'yarsa ta fari na riƙe da hannunsa. Ciwon suga ya cinye masa dasashi, an cire ragowar haƙoransa. Likita Ƙarama ta ɗauko 'yar sandarta, ya ɗaga mata hannu.

"'Yata, ajiye abin wasan nan. Sauko mini da ƙarfena."

Da kansa ya ɗora yatsa a haɓarsa ya tura baya, tana riƙe masa madubi. Wannan bai dame ni ba, na saba. Abin da ya dame ni shi ne da ya sa aka kawo masa kujera ɗakina. Ya ce shekara da shekaru bai taɓa samun lokacin ganin aikin daga farko har ƙarshe ba, yanzu kuwa lokaci ne kaɗai ya rage masa. Kwana huɗu yana zaune a gefena da gilashin ƙara girma a rataye a wuya. Ranar gogewar ƙarshe na ce masa ƙurar robar ba ta da kyau ga ƙirjinsa, ya ciro hankici ya rufe hanci. Na ce ko zai je ya sha shayi, ya ce ya sha. Ina gama sheƙin ƙarshe ya miƙo hannu ya karɓe su, ya mayar a ƙarfe, ya duba, ya ce, "Kin ga aiki." Ya sa a aljihu ya tafi.

A duk rayuwata su ne haƙoran farko tun shekarata ta biyu da suka fita ɗakin nan yadda littafinsa ya ce, ba ƙari ba ragi. Na san abin da zai biyo baya, kuma na bari suka fita.

Wata uku ba labari. Sai ga 'yarsa wata safiya ita kaɗai, ta wuce ofishin likita ta shigo ɗakina kai tsaye. Mace ce mai kamun kai, malamar makaranta, amma ranar ko zama ba ta yi ba.

"Inna, Baba ba ya cin abinci."

Ta ce burodi yake jiƙawa a shayi, sai ruwan miya. Wandunansa duk sun yi masa yawa. Likitan suga ya yi faɗa, ya ce in aka ci gaba a haka sai an kwantar da shi. In an zauna cin abinci sai ya sa haƙoran, ya yi tauna biyu, ya ajiye cokali ya ce ya ƙoshi. Ta taɓa leƙa shi a banɗaki ta ga yana kurkure baki da jini.

Na ce, "To me ya hana ku kawo shi?"

Ta ce, "Ya ce haƙoran ba su da laifi, bakinsa ne ya tsufa. Ya ce shi ba zai zama mutum na farko da ya dawo da su ba."

Na zauna ina kallon ƙarfen nan na uku a kan kanta. Gyaran bai fi aikin minti goma ba. Amma mutumin nan ba zai saki haƙoran su shiga hannuna ba tare da idonsa a kai ba, in ma 'yarsa ta sato mini su, ranar da ya ji canji zai ɗauko gilashinsa ya gano. Ko ta wace hanya sai ya san abin da na yi, in kuwa ya san na yau zai san na jiya. Tsoho ne da ba abin da ya rage masa sai maganar nan guda ɗaya da yake ɗaga yatsa yana faɗa. Ni kuma, ba zan ɓoye ba, akwai wata zuciya a cikina da ta shekara talatin tana jiran ranar nan, har na ji kunyar kaina da na ji ta motsa.

Na ce mata, "Ki ce masa ni ce nake neman sa, ina son ya duba mini wani aiki. Ki taho da ɗanyen karas a jaka."

Washegari da hantsi suka zo. Da ƙyar na gane shi. Wuyan rigarsa ya yi masa zuru-zuru, kumatun sun faɗa. Amma da ya zauna sai da ya gyara zaman gilashinsa ya ce, "Ina aikin?"

Na jawo durowar nan na zazzage a gabansa. Yanzu sun fi ɗari, kuma rabinsu aikinmu ne ni da shi, waɗanda masu su suka ci da su shekara goma, sha biyar, kafin su zo a sake musu. Na zaɓo ɗaya daga cikin namu na miƙa masa.

"Likita, duba turamen nan."

Ya kai gilashi ido. Ya daɗe. Mutum ne da ya san aikinsa, ba sai an nuna masa bambancin abin da tauna ta cinye da abin da dutsen inji ya kwantar ba. Ya ajiye ya ɗauki wani. Ya ɗauki na uku.

"Wa ya taɓa waɗannan?"

"Ni."

"Bayan na duba?"

"Bayan ka duba."

'Yarsa na tsaye a bakin ƙofa, ba ta san me ake ciki ba, sai kallonmu take. Na ce, "Ba ni na bakinka, Likita. A gabanka zan yi, ba zan rufe ƙofa ba."

Na ɗauka zai tashi ya fita. Ya kalli hannuna da na miƙa, ya kalli tarin da ke tebur. Sannan ya juya wa 'yarsa baya, ya zaro su, ya ɗora mini a tafin hannu. Na ga dasashin nasa a lokacin, duk ya yi gyambo, sai da na kawar da kai.

Na wanke su, na kunna inji. Ban yi sauri ba, ban kuma yi wani salo don ya gani ba. Yadda na saba na yi: gangaren turmi na farko, na biyu, dama, hagu, in busa ƙura, in shafa da ɗan yatsa. Na goge, na wanke, na miƙa masa.

Ya sa. Yatsansa ya tafi haɓa da kansa, sabo.

Na ce, "Sauke hannunka. Zauna yadda kake zama a gida. Sunkuya." Na karɓi karas a hannun 'yarsa, na yanka siriri saboda gyambon, na ba shi.

Ya tauna sau ɗaya a tsorace, yana jiran zafin da ya saba. Ya sake. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar karas. Ya haɗiye, ya miƙo hannu ba tare da ya kalle ni ba, na ba shi wani. 'Yarsa ta juya ta fuskanci bango tana share ido da gefen mayafi.

Da ya cinye na huɗu ya ce a ba shi shuɗiyar takardar gwada cizo. Ya sa a baki ya tauna, ya zaro haƙoran ƙasa ya kai su hasken taga. Ga shuɗin nan a kan kowane turmi, ɗan layi gajere daga baya zuwa gaba. Bakinsa ne da kansa ya rubuta.

"Tun yaushe?"

"Tun shekarata ta biyu."

"Mutum nawa?"

"Duka."

Ya ajiye haƙoran a tebur. Da ya buɗe baki, ba abin da na zata ya faɗa ba.

"Yaran da na koyar fa? Sun fi ɗari biyu. Kowanne ya tafi yana tura haɓar mutane, ba shi da ke a ɗakin baya. Na ce musu yatsansu ne ba ƙarfi." Ya ɗago ya dube ni. "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

A nan ne raina ya ɓaci. Na ce, "Na faɗa maka, Likita. Guda biyar na kawo maka ofis. Da bayan biro ka ture su. Ka ce hannu nawa ne, kai naka ne."

Ya runtse ido. Na ga yana nema a ransa, na kuma ga lokacin da ya samo.

Na ce, "Amma sau ɗaya na faɗa. Ya kamata in sake, ban sake ba. Fushi na yi, fushin ya yi mini daɗi, na zauna a cikinsa. Wannan nawa ne, na ɗauka."

Bai ce ya yafe ba, ni ma ban ce na yafe ba. Ya mayar da haƙoransa baki, ya ce wa 'yarsa ta kira masa Likita Ƙarama.

Ta shigo da safar hannu, bayanta wasu likitoci biyu sababbin fitowa da suke koyon aiki a wurinta. Sun san shi a suna, suka gaishe shi da ladabi. Ɗayan, don ya faranta masa, ya ce ai malaminsu ya sha ba su labarinsa, likitan da ba a taɓa dawo masa da haƙori ba.

Ya dafa tebur ya miƙe. Ya ce wa Likita Ƙarama, "'Yata, ina da sunayen ɗalibaina a gida, waɗanda ke raye. Ki taya ni kiran su. Ranar da za su zo a fito da durowar nan, kuma ba ni zan yi magana ba."

Sannan ya juya ga yaron da ya yi maganar. Na ga babban yatsan nan ya fara tashi yadda ya saba, ya tsaya a hanya, ya karkata ya nuno ni, ina tsaye da ƙurar roba har gira.

"Ka gyara labarin in ka koma. An dawo mini da haƙori, yau, ni na kawo su. Ita ce ba a taɓa dawo mata da su ba."

Ya ɗauki ragowar karas ɗin a tebur, ya fita yana tauna.